"Sai Gobe": Ciwon Ɗage Aiki da Taimakon da Hifnosis Zai Iya Bayarwa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a jami'a ya san wani ciwo wanda ba a zuwa asibiti da shi, amma yana kayar da mutum fiye da zazzaɓin damina. An amince da batun kundinka tun farkon zango, malamin da zai duba aikin ya sa hannu, ka yi wa kanka alkawari cewa ran Asabar za ka soma. Asabar ta zo, sai ka lura ashe tufafinka sun yi datti. Ka gama wanki, ka ga ɗaki yana bukatar shara. Kafin ka farga an kira la'asar, ka ce ai yau ta riga ta tafi, sai gobe.

Na zauna ɗaki ɗaya da wani ɗalibi da ke gabana da shekara guda, wanda ya je ƙauyensu ya naɗo tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi, irin waɗanda ban taɓa jin an rubuta ba. Abin da ya rage masa shi ne ya saurara, ya juye su a takarda, ya yi sharhi. Bai yi ba. Ba malalaci ba ne, domin shi ke taya mutane gyaran rubutunsu har tsakar dare. Ranar miƙa kundi ta zo ta wuce, abokan karatunsa suka tafi bautar ƙasa, shi kuwa ya koma gida ya gaya wa mahaifinsa, wanda ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta, cewa sai an ƙara shekara. Wannan ne ya sa na ga ya dace a dubi al'amarin da idon ilmi. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana abin da ɗage aiki yake nufi, da abin da masana halayyar ɗan'adam suka gano game da dalilinsa, sa'an nan a dubi wata hanyar magani da Turawa ke kira hifnosis, a ga iyakar abin da za ta iya.

Kalmar da Ma'anarta

Tun da muna sashen harshe, ya kyautu mu fara da kalma. Hausa tana da kalmomi da dama da ke kewaye da wannan hali, amma ba ɗaya suke ba. Nawa ita ce rashin hanzari a cikin aiki: mai nawa ya kama aikin, tafiyarsa ce ta hawainiya. Ƙyuya da lalaci kuwa ƙin aikin ne gaba ɗaya, kuma malalaci ba ya damuwa, yana barcinsa lafiya lau. Kasala mutuwar jiki ce. Sakaci rashin kula ne. Jinkiri shi ne ya fi kusa, sai dai shi bai ɗauki ɓangare ba, shi ya sa ake cewa wani jinkirin alheri ne. Manomin da ya ƙi shuka da ruwan farko, yana jiran ƙasa ta jiƙa sosai, ya yi jinkiri, amma da hankali ya yi shi.

Halin da muke magana a kansa daban ne. Malamanmu na zaure sun ari kalmar Larabci suna kiransa taswifi, daga "saufa", watau harafin da ake sa wa aikatau don nuna cewa sai nan gaba za a yi. Kalmar Ingilishi ta wannan hali kuma daga Latin take, kuma tushenta kalma ce mai nufin gobe. Ke nan Bahaushe da Balarabe da Bature duk sun kama ɓarawon a wuri guda, watau a bakin "sai gobe". A nan za mu kira shi ɗage aiki.

Wani masani ɗan ƙasar Kanada, Piers Steel, ya tattara ɗaruruwan binciken da aka yi a kan wannan hali, ya fitar da sakamakonsa a shekarar 1907 da ɗari, watau 2007. Ma'anar da ya bayar tana da sharuɗɗa uku. Dole mutum ya yi niyyar aikin. Dole ɗagewar ta zama da son ransa, ba wani ya hana shi ba. Dole kuma ya san cewa ɗagewar za ta cuce shi. Wannan sharaɗi na uku shi ne abin mamaki, domin mutum ne yake zaɓar abin da ya san hasara ce gare shi, ido buɗe.

Karin maganarmu ma ya rabu biyu a kan batun. A gefe guda ana cewa ba a fafe gora ranar tafiya, da sanyin safiya ake kama fara, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A ɗaya gefen ana cewa gaggawa aikin shaiɗan, sannu ba ta hana zuwa. Na lura mai ɗage aiki gwani ne wajen zaɓen karin maganar da ta yi masa daɗi, kuma in ya jawo ta ƙarshen nan ba ya ƙarasa ta, ba ya cewa "sai dai a daɗe ba a je ba".

Me Ke Kawo Shi?

Ƙididdigar da Steel ya kawo ta nuna cewa kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban jami'a suna ɗage aikinsu, kuma wajen rabinsu abin ya zame musu matsala ta kullum. A cikin manya baki ɗaya, kashi 15 zuwa 20 ne abin ya zame wa ɗabi'a. Galibin waɗannan alƙaluma daga Amurka da Turai suka fito, amma duk wanda ya shiga ɗakin karatu daren jarrabawa ya ga yadda ake rububin kujera ba zai yi musu ba.

Mutane da yawa sukan kare kansu da cewa sai wuta ta matso suke iya aiki mai kyau. Dianne Tice da Roy Baumeister sun gwada wannan da'awa a 1997, suka bi wasu ɗalibai a wata jami'ar Amurka tsawon zango guda. A farkon zango masu ɗage aiki sun fi sauran kwanciyar hankali da lafiyar jiki. A ƙarshen zango abin ya juye: sun fi damuwa, sun fi rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. Bashi ne suka ci, suka biya da ruwa.

An daɗe ana ɗauka cewa matsalar ta rashin tsara lokaci ce, shi ya sa shawarar farko da ake ba ɗalibi ita ce ya zana jadawali ya manna a bango. Abokin zamana yana da jadawali mai launi uku. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun kawo wani bayani a 2013 wanda, a ganina, ya fi kama gaskiya. Suka ce ɗage aiki hanya ce ta gudun ɓacin rai. Aikin yana tayar da wani abu marar daɗi a zuci, ko gundura, ko ruɗewa don ba a san ta inda za a kama ba, ko tsoron kada malam ya karanta ya ga iyakar basirar mutum. Da zarar mutum ya ce "sai gobe", nan take nauyin ya sauka daga ƙirjinsa. Wannan sauƙi na nan take shi ne ladan da zuciya ke samu, kuma duk abin da aka ba zuciya lada a kansa sai ta sake. Haka halin yake kafuwa.

Akwai kuma yadda ɗan'adam yake auna lokaci. George Ainslie ya nuna tun 1975 cewa darajar abu takan faɗi ƙwarai a idon mutum da zarar an ce sai an jira. In aka ce wa mutum ya zaɓi naira dubu goma yau ko dubu goma sha ɗaya mako mai zuwa, da yawa za su karɓi ta yau. In aka ce dubu goma bayan shekara guda, ko dubu goma sha ɗaya bayan shekara da mako guda, sai kowa ya ce zai jira. Tazarar ɗaya ce, mako guda, amma kusanci ya canza hukunci. Digiri yana can nesa, wata takwas nan gaba. Hira a gindin darbejiya tana nan, wayar hannu kuma tana cikin aljihu.

Wani abu da zai ba mai karatu mamaki shi ne cewa zagin kai ba ya magani. A 2010 Michael Wohl da abokan aikinsa sun binciki ɗaliban ajin farko a Jami'ar Carleton ta Kanada, suka gano cewa waɗanda suka yafe wa kansu ɗage karatun jarrabawar farko sun rage ɗagewa a ta biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In ɓacin rai ne ke korar mutum daga aiki, to, kunya da nadama ƙarin ɓacin rai ne da aka ɗora a kan aikin.

Mene Ne Hifnosis?

Da zarar an ambaci wannan kalma, abin da ke faɗo wa yawancinmu shi ne mutumin sinima mai kaɗa agogo a gaban idon wani, har ya mallake shi ya sa shi kukan zakara. Wasu kuma sai su ce ai rufa-ido ne, ko wani nau'in bori na Turawa. Tarihin abin ya nuna cewa Turawan kansu sun yi wannan gardama, kuma sun daɗe suna yin ta.

Franz Anton Mesmer likita ne Bajamushe wanda ya yi aiki a Biyana, ya koma birnin Faris a 1778. Da'awarsa ita ce akwai wani ruwa marar ganuwa mai kama da ƙarfin maganaɗisu da ke gudana a jikin halitta, cuta kuwa toshewarsa ce, shi kuma yana iya buɗe hanyar. Masu kuɗin Faris suka yi ta tururuwa wurinsa, suna faɗuwa suna shure-shure, wasu kuma suna cewa sun warke. A 1784 Sarki Louis na 16 ya naɗa kwamitin bincike wanda ya haɗa da Benjamin Franklin, jakadan Amurka a lokacin, da masanin sinadarai Antoine Lavoisier. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce. Suka sa wani almajirin Mesmer ya sa wa itaciya guda wannan ƙarfi a lambun gidan Franklin, aka ɗaure wa wani yaro ido aka zagaya da shi. Yaron ya suma a gindin itaciyar da ba a taɓa ba. Kwamitin ya yanke cewa ruwan nan babu shi, abin da ke aiki shi ne tunanin majiyyaci da tsammaninsa.

Wannan hukunci ya kashe da'awar Mesmer, amma ya bar tambaya mai nauyi: in tunani kaɗai zai iya kayar da mutum ƙasa, me kuma zai iya yi? James Braid, wani likitan fiɗa ɗan Sikotilan da ke aiki a Manchesta, ya je kallon irin wannan wasa a 1841 da niyyar tona asirinsa, ya dawo yana gwaji a gida. Ya gano cewa in aka sa mutum ya kafa wa wani abu mai ƙyalli ido, aka tattara hankalinsa wuri guda, yakan shiga wani yanayi da yake saurin karɓar abin da aka faɗa masa. Littafinsa na 1843 ne ya yaɗa sunan, wanda aka samo daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Daga baya Braid ya gane cewa sunan bai dace ba, ya so ya canza shi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa ta zamani ta gaskata shi: wanda ke cikin hifnosis a farke yake. In da za a ba ni dama in raɗa masa sunan Hausa, da sai in ce "barcin ido biyu".

A Faransa, Liébeault da Bernheim na garin Nancy sun tsaya a kan cewa babu komai cikin abin sai ƙarfin shawara da ake cusa wa mutum. Sigmund Freud ya koye shi, ya yi amfani da shi, ya watsar. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da shi a matsayin hanyar jiyya a 1955, ta Amurka ta bi baya a 1958.

Yadda ake yi a yau babu turare, babu kiɗa, babu kiran kowa. Mutum zai zauna a kujera, mai jiyya ya yi ta magana da shi a hankali, ya ce ya rufe ido, ya lura da numfashinsa, ya saki gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya. In hankali ya tattaru, sai a soma ba shi shawarwarin da aka riga aka yi yarjejeniya a kansu. Yana jin duk abin da ake faɗa, yawanci yana tuna shi bayan an gama, kuma yana iya buɗe ido ya tashi in ya ga dama. Duk wanda ya taɓa nutsewa cikin tatsuniyar kakarsa har aka kira sunansa sau biyu bai ji ba, ya ɗanɗani wani abu makamancin wannan.

Ina Suka Haɗu?

In mun yarda cewa tushen ɗage aiki gudun ɓacin rai ne, to, za a ga ƙofar da hifnosis zai iya shigowa. Mai jiyya yakan sa mutum, yana cikin natsuwar nan, ya hango kansa zaune gaban aikin da yake tsoro. Ƙirjin da ya saba bugawa in an ambaci babi na biyu, yanzu yana haɗuwa da babi na biyu jiki a sake. In aka maimaita haka sau da yawa, ana fatan igiyar da ta ɗaure aikin da fargaba ta yi sako-sako. Haka nan akan yi amfani da zaman wajen sauya maganar da mutum ke yi wa kansa, daga "ni ba na iya komai" zuwa abin da ya fi kusa da gaskiya da tausayi, wanda ya dace da abin da aka gani a Carleton.

Akwai kuma shawarar da ake dasawa don ta yi aiki bayan an tashi. Alal misali a ce wa ɗalibi: idan ka idar da sallar asuba ka naɗe darduma, za ka zauna a tebur ka buɗe littafin. Wannan ya yi kama ƙwarai da abin da Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999, cewa niyyar da aka ɗaure da wani lokaci da wani wuri, a siffar "idan kaza ya faru zan yi kaza", ta fi niyya sakakka cika nesa ba kusa ba. Mai karatu zai lura cewa wannan dabara tana aiki ko babu hifnosis.

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Hujjojin da ke goyon bayan hifnosis sun fi ƙarfi a fannin rage zafin ciwo, da fargabar masu jiran fiɗa, da wani ciwon hanji mai sa murɗa da kumburin ciki, wanda Peter Whorwell ya fara gwada shi a kansa a Manchesta a 1984. A 1995 Irving Kirsch da abokan aikinsa sun haɗa bincike 18, suka ga cewa in aka ƙara hifnosis a kan jiyyar gyaran tunani da ɗabi'a, sakamakon yakan fi kyau. Amma binciken da ya gwada hifnosis a kan ɗage aiki kai tsaye kaɗan ne, kuma ƙanana ne. Ita jiyyar gyaran tunani da ɗabi'a ce aka fi gwadawa, kamar gwajin da Alexander Rozental ya jagoranta a Suwidin a 2015, inda aka koyar da mutane 150 ta intanet. Saboda haka matsayin da ya dace da hifnosis shi ne na ɗan rakiya.

Daɗin daɗawa, ba kowa abin yake kamawa ba. A 1959 André Weitzenhoffer da Ernest Hilgard na Jami'ar Stanford sun tsara ma'auni mai gwaji 12 don auna saurin karɓar mutum. Abin da aka yi ta gani shi ne kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 suna karɓa ƙwarai, kwatankwacin haka kuma kusan ba ya taɓa su, sauran suna tsakiya.

Gargaɗin da na fi ba muhimmanci ya shafi abin da ake sa mutum ya hango. Intanet cike take da faifan murya masu cewa ka rufe ido ka ga kanka sanye da rigar yaye ɗalibai, ana tafa maka. A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor sun raba ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles kwanaki kaɗan kafin jarrabawa. Wasu aka ce su riƙa hango kansu sun ci maki mai kyau. Wasu aka ce su hango kansu suna karatun: inda za su zauna, littafin da za su buɗe, yadda za su ƙi amsa gayyatar abokai. Masu hangen karatun sun fi yin karatu, sun kuma fi samun maki. Masu hangen nasara kuwa karatunsu ma raguwa ya yi. Da alama zuciyar da aka ɗanɗana wa romon biki tun ba a yi aiki ba, kwanciya take yi. Mai ɗage aiki kuwa da ma mafarkin gobe ne sana'arsa, ba ya bukatar a ƙara masa. Har ila yau, sauraron faifan minti arba'in a kan yadda za a daina ɗage aiki yana iya zama wani sabon wankin ran Asabar.

Wajibi ne kuma a ambaci cewa wani ɗage aikin alama ce ta ciwon da ya fi shi girma, kamar ciwon baƙin ciki mai hana barci da cin abinci, ko larurar kasa tsayar da hankali wadda ke farowa tun ƙuruciya. Wanda ya ga haka a jikinsa, likita ya kamata ya gani. Kuma a ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana kowa ya kira kansa mai jiyya da hifnosis, don haka abin dubawa shi ne ko mutumin yana da horo a likitanci ko ilmin halayyar ɗan'adam tun asali. Duk wanda ya ce zai tono wa mutum wani abin da ya manta tun yarinta, a guje shi, domin an tabbatar hifnosis yana iya sa mutum ya "tuna" abin da bai taɓa faruwa ba, ya kuma rantse a kansa.

Abin da ɗalibi zai iya ɗauka daga duk wannan ba ya bukatar ko sisin kwabo. Da dare, kafin barci, ya zauna minti biyar, ya rufe ido, ya sassauta numfashi har jiki ya saki. Sa'an nan ya bi safiyar gobe daki-daki a zuciyarsa: tashi, zama, ajiye waya a ƙarƙashin katifa, buɗe shafi kaza. Ya hango har da lokacin da zuciya za ta ce "bari sai an jima", ya ji ƙuncin, ya ga kansa ya ci gaba da zama duk da haka. Aikin da zai ɗora wa kansa kuma ya zama ƙarami har ya ba shi dariya, kamar sakin layi guda.

Abokin zaman nawa bai taɓa ganin mai hifnosis ba, amma da ya dawo maimaita shekara kusan abin da ya yi ke nan. Ya yanke wa kansa minti goma na naɗin muryar tsofaffin nan kowace safiya, a wani ajin da babu kowa, kafin laccar ƙarfe takwas. Ya ce mini kwanakin farko yakan kai rabin sa'a yana kallon allo kafin ya danna. A mako na uku ya kai tatsuniyar da kakarsa ta yi masa, wadda ta rasu bayan ya naɗo ta, kuma ranar bai je laccar ƙarfe takwas ba, yana nan yana rubutu har azahar.